Zangarniyar da Ta Hana Raba Gandunmu

Ko na manta komai a duniya, ba zan manta yinin da muka zauna rabon irin dawar kakana a Burumburum ba. Lokacin Turawa ba su tafi ba, ni kuma sabon malamin elementare ne a Tudun Wada, ina ji da lissafina kamar ni na ƙirƙiro shi.

Kakan ya rasu ya bar 'ya'ya maza bakwai a gandu ɗaya. Shida suna son kowa ya kama gabansa. Na bakwai shi ne mahaifina, wanda ciwon ido ya makantar, kuma kowa ya san in aka raba, gonarsa ciyawa za ta ci. Sai dai tsohon ya bar wasiyya: kada a raba gandu sai an raba zangarniyun irin da ya tara a rumbunsa daidai, babu saura. A gidanmu kuwa ba a karya zangarniyar iri.

Da hantsi aka zube su a tabarmi, aka kasa bakwai. Ɗaya ta rage. Aka sa 'ya'ya mata biyu, aka kasa tara, ɗaya ta rage. Aka ƙara da kakata, goma, nan ma ɗaya. Sai suka ce ɗan boko ya zo ya gwada.

Na ƙirga da kaina, dubu biyu da ɗari biyar da ashirin da ɗaya. Na gwada a sileti da sha ɗaya, sha uku, sha bakwai, har na wuce hamsin, duk ta ƙi. Irin lambar nan ce da ba abin da ke raba ta sai ɗaya da ita kanta. Abin ya ɗaure mini kai, don tsohon nan ko ƙofar aji bai taɓa leƙawa ba.

Babban wan mahaifina ya fusata, ya ɗauki ragowar ya jefa a murhu, muna kallo ta ƙone. Da rawar kaina na ce yanzu kowa zai sami ɗari uku da sittin. Har yau ina jin kunyar wannan magana, domin mahaifina yana zaune yana ji.

Ni na kasa da hannuna. Kowane kashi ya cika ɗari uku da sittin cif. Da na waiwaya, ga zangarniya ɗaya kwance a tsakiyar tabarma.

Sai mahaifina ya ce, "Yaya, an raba ne?"

"Ba a raba ba," in ji shi. "A mai da su rumbu."

Ba a sake ta da maganar ba har mahaifina ya rasu. Na daɗe ina zargin kakata ce ta shirya abin, amma da na tambaye ta sai ta ce ita ƙidayarta ba ta wuce ɗari. Tun ranar, in aka kira ni rabo, nakan fara duba wanda rabon zai kayar kafin in ɗauki alli.