Ranar da na ƙi yarda da cekmet

Shekarun baya, muna zaune a Nassarawo, jihar ma tana Gongola, maigidana ya kamu da son darar Turawa, wadda suke kira ces. Kullum bayan la'asar shi da maƙwabcinmu, wani malamin makaranta ɗan Michika, suna ƙofar gida sun duƙufa. Ni ina ciki ina tankaɗe, kunnena kuwa yana wajensu. Wanda ya ci sai ya ce "cekmet!" Da haka kalmar ta biyo shi har ɗaki. Ko gardamar gishirin miya muke, da ita yake rufe min baki.

Sai idon mahaifiyata, da muke kira Dada, ya fara mutuwa, ga ta ita kaɗai a Wuro Patuji. Ranar da ta ƙone hannu a murhu na ce mu ɗauko ta. Ya ce, "Ni ban ƙi ba. Amma Dada ba ta cin abinci inda nake, ko hanya ba ta yarda mu haɗa. Ƙofarmu ɗaya, makewayi ɗaya. Kunya za ta kashe ta da yunwa. Cekmet."

Gaskiya ya faɗa, shi ya fi ƙona min rai. Washegari na kai wa matar malamin kunun gyaɗa, na tare mijinta.

"Malam, wannan cekmet da kuka ishe mu da shi, me yake nufi?"

Ya yi dariya, ya amsa da irin Hausarsa mai mai da mace namiji. "Madam, kai ma kana so ka shiga wasa ne? Asalinsa ba Turanci ba ne. Mutanen Farisa ke cewa shah mat, wato sarki ya rasa mafita. Ta hannun Larabawa ya isa wajen Turawa."

"To, da an ritsa sarki shi ke nan?"

"A'a. In ka samu ɗa guda ka sa tsakani ya tare, wasa bai ƙare ba."

Ko kwanona ban tsaya karɓa ba. Na kwashe buhunan gyaɗa daga ɗakin ajiya, na kira ƙanena ya fasa masa ƙofa ta lungun baya, ya haƙa shadda, muka fara kafa zana tsakaninsa da tsakar gida. Maigida ya dawo ya tarar da ni buɗu-buɗu da ƙasa.

"Ke kuma rusa min gida za ki yi?"

"Tarewa nake. Riƙe min wannan itacen."

Sai ya naɗe hannun riga ya riƙe.

Sai da na yi ta sintiri kafin Dada ta yarda ta taso. Kowace safiya yakan durƙusa ta nasa gefen zanar ya gaishe ta, ta amsa daga nata.

Har yau ban iya ces ba, dokin wasan ma ban san yadda yake tafiya ba. Amma in aka ce min magana ta ƙare, sai na leƙa da idona tukuna. Dada a ɗakin nan ta cika, hannunta cikin nawa.