Ni da Totuwar Masara

Salamu alaikum. Masu tambaya ko na mutu, ban mutu ba. Riƙe waya ne ya gagare ni, hannuwa biyu duk suna wajen susa.

Wanda bai sani ba, ƙodata ta ajiye aiki. Daga Zinyau nake hawa babur zuwa Rano, in shiga motar Kano a wanke min jini, idan aljihu ya yarda.

Ba wanda ya gaya min ciwon nan yana zuwa da ƙaiƙayi. Kamar ba a fata yake ba, a ƙashi yake.

Ni kuma da ilimina na aji uku na firamare sai na naɗa kaina likita. Na tafasa ruwa, na dirje jiki da soson buhu, na bi da totuwar masara. Daɗi har kunne. Ban ankara ba sai ga jini a hannun hagu, inda likitoci suka haɗa jijiyar da ake sa allurar wanki.

Hannu ya kumbura, zazzaɓi ya kwantar da ni.

A asibiti na ce wa nas ɗin ai jaki ma yana birgima in ya ji ƙaiƙayi. Ko murmushi ba ta yi ba. Ta ce, "Baba, wannan hannun shi ne ranka. In ya lalace, sai dai a huda wuya a riƙa wankin ta nan."

A hanyar dawowa, Rabi, uwar 'ya'yana, tagar mota kawai take kallo.

Alhamdulillahi, hannun ya tsira. Ƙaiƙayin ma ya lafa, bai dai tafi ba.

Mai irin ciwona, kar ka yi wautata. Bar ruwan zafi, yi wanka da mai ɗumi-ɗumi. Shafa basilin tun jiki bai bushe ba. Sa riga mai laushi, yanke farce. In ya taso, jiƙa tsumma da ruwan randa ka ɗora, kar ka sosa. Ni Rabi ce ke yanke min farce, kamar jariri mai gemu. Allah Ya saka mata, Ya saka wa duk wanda ya taimaka.

Ka kuma tambayi likita abin da za ka rage ci. Ni an hana ni gyaɗa da nono. Ni manomin gyaɗa fa.

Yarana sun daina shigo da ƙuli-ƙuli gida don kar in gani. Jiya auta, Ummi, ta ce ranar da na warke zan saya mata kwano guda.

Na ce mata to.

Har yau na kasa gaya mata cewa wannan ba irin ciwon da ake warkewa ba ne.