Bindigar Yaya da Ƙanƙarar Kaka

In na ce maka mutum ɗaya ya taɓa kwashe gari uku da harbi ɗaya, kuma ko biri bai kashe ba, za ka ce tsohon nan ya fara. To ka ce. Ni dai ina wurin, da ƙafafuna na yi gudun, kuma mai harbin uwarmu ɗaya ubanmu ɗaya. Wanda ke shakka ya ɗaura wa jakinsa akumari ya tafi Wagini, ya tambayi duk tsohon da haƙoransa suka zube. In ya ƙaryata ni, to shi ne ya fi kowa gudu ran nan, kunya ce ke damunsa.

Wannan tun Nasara bai shigo ƙasar Katsina ba. Ƙauyenmu yana kusa da Wagini, dajin Rugu a bayanmu. Ta cikin dajin nan mahara kan ɓullo daga wajen Maraɗi, galibi in amfani ya nuna, su kori shanu, su kwashi mutane. A duk ƙasarmu kuwa mutum iri biyu ne ke riƙe bindiga, bayin sarki da mahara. Bayin sarki suna can birni, in za su zo sai an aiko an share musu masauki. Saboda haka in ka ji ƙarar bindiga ba ka tsayawa tambayar wane ne. Ka saki abin da ke hannunka, ka ɗauki abin da ke numfashi, ka nufi dutse. Dutsen yana arewa da gari, hanyar hawansa ɗaya ce, doki ba ya iya ta. Yaron garinmu kafin ya iya Fatiha ya iya wannan.

Yayana mutum ne mai shiru, irin wanda in ya ce maka sannu to ya gama hirar yini. Wata kaka mahara suka ɗauke masa ɗansa na fari daga kan rumfar korar tsuntsu, shi yana can ƙarshen gona yana gani, fartanya a hannunsa. Ya bi dawaki da ƙafa har ya faɗi. 'Yan bindigar sarki sun zo, ba zan ci zalinsu ba. Sun iso bayan sawun dawakin ya bushe, suka yi mana jaje, suka cinye mana kaji, suka koma. Daga ranar Yaya ya ƙara shiru a kan shirunsa.

Ni a lokacin na yi aure, ina jigilar gishiri da kanwa a jaki tsakanin Batsari da Safana, ba lungun kasuwar da ban san wanda ke kwana a ciki ba. Wata ranar kasuwar Batsari Yaya ya biyo ni da bijiminsa. Na ɗauka sayarwa zai yi ya ƙara aure. Sai na gan shi bayan rumfar masu goro da wani falke da ya dawo daga kudu, suna magana kamar masu shirin sata. Bijimi ya bi falke, mu kuma muka dawo da wata doguwar aba naɗe cikin tabarma a kan jakina.

Wannan bindiga, in ka tsayar da ita sai ka hau turmi kafin ka leƙa bakinta. Falken ya nuna masa yadda ake ɗura albarushi, ɗan kaɗan a tsakiyar tafin hannu. Ya kuma nuna masa ƙanƙara, wani ɗan dutse da ke maƙale a kan kunamar bindigar, shi ke ƙyasta wutar. Ya ce ba irin ta ƙyastunmu ba ce, an sassaƙa ta daidai wurinta, daga bakin teku ake kawowa, kuma guda ɗaya ce tak, ya kula da ita. A hanya Yaya ya ce mini falken nan marowaci ne.

Na ce, "Da mi ya yi maka rowa, Yaya?"

Ya ce, "Ka ga ɗan abin da ya ce in ba ta? Abu mai wanga tsawo? Baƙuwa ce a gidana, ba zan bar ta da yunwa ba."

Ya ɓoye ta a bayan rumbu, bai gaya wa kowa ba. Ni ma na kama bakina, kuma wanda ya san ni ya san wannan aiki ne.

Gero ya fara nuna, birai suka sa gonar Yaya a gaba. Wata safiya da hantsi ya ga babbansu zaune a kan kunya yana cin zangarniya yana kallonsa, kamar shi ya yi huɗa. Yaya ya ce a ransa, in zan harbi mahari ai sai na fara koyo. Ya ciyar da baƙuwarsa har ta ƙoshi, ya saita, ya ja.

Ina ƙofar gida ina ɗaure wa jaki kaya na ji ta. Ban taɓa jin irinta ba, ƙasa ta motsa, gaurakan da ke kan kuka suka tashi, an ce wasunsu ba su sauka ba sai a Zamfara. Ni da na san da bindigar, ni na fara gudu. Ƙafa ba ta tsayawa shawara da kai a kan wannan ƙarar. Mata suka bar taɓare a turmi, tuwo a wuta. Wanzami ya bar wani da rabin kai. Liman ya fito daga masallaci da buta, bai san da ita a hannunsa ba sai a kan dutse. Masu gudun garinmu suka ci karo da masu zuwa daga Darini, waɗannan suka juya suka kai labari gida, kafin azahar mutanen Yasore ma suna cikin kurmi, kuma a bakinsu mahara sun kai dubu.

Kakarmu, uwar babanmu, ita ce abin tausayin. Tsohuwa ce ƙarama kamar tsinke, amma bakinta ya ishi kasuwa. Mu jikokinta maza duk mazanta ne a wasa, kuma ba wanda ta taɓa yaba wa noma ko cefane. Ta ƙi yarda a goye ta, ta ce ta hau dutsen nan tun uban kowa yana tsirara. A tsakiyar hawa santsi ya kwashe ta, ƙafarta ta karye a ƙasan gwiwa. Ba ta yi kuka ba. Zagin mahara ta yi, tun daga iyayensu har dawakansu.

Shi kuwa Yaya, bindigar ta jefar da shi cikin wake. Ya tashi fuska baƙa ƙirin, gira ta ƙone, kunne ɗaya ba ya ji. Biri yana nan inda yake, ya dai koma kunya ta gaba. Yaya ya jawo ƙafa ya shigo gari, ya tarar ba kowa, tuwo na ƙauri, awaki na cikin rumfuna. Ya ce shi ke nan, yana can yana wasa da biri mahara sun kwashe gari. Ya saɓa bindiga ya yo dutse a guje.

Mu muna sama muka hango wani baƙin mutum marar gira da bindiga yana tahowa shi kaɗai. Samari suka ɗana kibau. Matarsa ce ta cece shi, ta gane wandon, don ita ta yi masa facin.

Washegari bayan la'asar aka taru a ƙofar gidan mai gari. Maɗori ya riga ya ɗaure wa Kaka ƙafa da karare, ya ce kada ta motsa. Ta ce ko a cire ƙyaure a ɗauko ta a kai, ko ta zo da rarrafe. Aka cire ƙyaure. An ajiye bindigar a tsakiya, kowa ya ba ta fili kamar maciji.

Mai gari ya ce, "Ba dogon zance. Gobe zan aika da ita wurin hakimi, in ce tsintarta muka yi. In jakada ya zo karɓar kuɗin ƙasa ya ji talaka na da bindiga a garina, rawanina zai fara tafiya, kaina ya bi shi."

Yaya ya durƙusa. Ya dubi bindigar, ya dubi mai gari. Can ya ce, "Ranka shi daɗe, ni ɗa ne ko bawa?"

"Ɗa ne kai mana. Wa ya ce ba haka ba?"

"To a ƙasar nan bawa ke yawo da bindiga, ɗa an bar shi da fartanya. Ran da aka ɗauke yarona fartanya ce a hannuna, ranka shi daɗe. Ina ganinsa yana waiwayena. Ban saci abin nan ba, bijimina na bayar. In sun dawo, so nake a tarar da wani abu a hannuna ban da fartanya."

Tun da aka haife ni ban ji Yaya ya jera magana haka ba. Wasu suka sunkuyar da kai, don ba shi kaɗai aka taɓa ɗauke wa ba.

Mai gari ya sassauta murya. Ya ce, "Na sani, ɗana. Ina cikin waɗanda suka bi sawun. Amma yau kai, baɗi wane, sai kowane rumbu da tasa. Faɗan iyakar gona da ake yi da sanda, a fasa kai a wanke da ruwan zafi a ci tuwo tare, ran da aka yi shi da wannan sai dai a haƙa rami. Bayan haka ka ɓata mana ƙara. Nan gaba in ta tashi, mata za su ce ai wane ne da biransa, su ci gaba da daka. Ran da na gaskiyar suka zo fa?"

Wuri ya kaure, wasu na cewa a bar masa kayansa, wasu na cewa a jefa ta rijiya, mai rabin kai yana cewa shi dai a biya shi mutuncinsa. Mai gari ya juya wurin liman ya ce, "Allah gafarta malam, mi ka gani?"

Liman ya shafa gemu ya ce, "A ɗan karatuna ban ga inda aka hana mutum tsare kansa da iyalinsa ba. Ban kuma ga inda aka yarda masa ya tayar da gari uku ya karya kakarsa ba. Mu gudu kawai muka yi, ƙafafunmu na nan. Mai haƙƙi ga ta can a kan ƙyaure, a ji ta bakinta."

Kaka dama jira take. Ta ce, "Ku matso min da ita." Aka matso. Ta shafa ta daga kai har gindi, ta sunsuna bakin ta yamutsa fuska. Ta dube ni ta ce, "Kai, mijin banza, mai jaki, na san da hannunka a ciki. Mi ke sa ta wannan kururuwa?"

Na nuna mata ƙanƙarar, na ce in babu ita ko kwana aka yi ana ja ba abin da zai tashi.

"Cire min."

Na dubi Yaya, Yaya ya dubi ƙasa. Na cire. Kaka ta karɓa, ta juya ta a tafin hannu, ta ƙulle ta a gefen zanenta, wurin da take ɓoye goro.

Ta ce wa mai gari, "Bindiga tasa ce, ba inda za a kai ta. Yaron da aka ɗauke ni na yanke mishi cibi, na san abin da ke cin wannan baƙin mijin nawa. Amma ɗan dutsen nan nawa ne, shi ne diyyar ƙafata. Ba ta ƙara tashi don biri. In kuka ji ta, ku gudu, don ni na ba da wuta."

Mai gari ya ce, "To jakada fa, Inna?"

"In ya zo ka miƙa mishi ya ja. Abin da ba ya tashi ai taɓarya ce. Ko an hana talaka taɓarya ban ji ba?"

Dariya ta ɓarke, har mai gari sai da ya rufe baki da rawani. Ya ce shi ke nan, a tafi a haka. Kuma a haka aka tafi, bindiga ta zauna jingine a ɗakin Yaya yana shafa mata man shanu, ƙanƙara a zanen Kaka, ko wanka za ta yi sai ta sa ta a kumatu.

Amma ran nan Yaya bai haƙura nan take ba. Ana shirin ɗaga ƙyaure ya matso ya tsuguna a gefenta, ya ce, "Kaka, ki yi wa Allah. In mahara suka ɓullo, sai na tsaya nemanki? Ƙullin nan naki da ko goro mutum ya roƙa sai ya yi alwala ya dawo ba ki gama kwancewa ba?"

Kaka ta dube shi daga ƙonanniyar gira har ƙafa, ta ce, "Dama wa kake tsammanin zai goye ni zuwa dutse, biri? Wurina za ka fara zuwa, ja'iri. Ka ɗauke ni, ka ɗauki wutarka."