Abin da Ya Saura a Ƙarshen Kaset

Shekara goma sha ɗaya Malami ya yi yana ba da hayar kaset ɗin bidiyo a Sabon Gari, kafin sana'ar ta mutu ya koma sayar da cajar waya. A wancan zamani akwai wani tsohon fim na Turawa da samari suka nace wa, na yaran wani ƙauye da suka haɗa baki suna kashe iyayensu. Malami bai taɓa son fim ɗin ba, amma kullum ana nema, sai ya riƙa kwafarsa a kan duk kaset ɗin da hannunsa ya kai. A haka fim ɗin ya hau kan kaset ɗin walimar saukar 'yarsa Shamsiyya. Da ya gane, ya ce ba komai, ai yarinyar tana nan.

Da damina ta zagayo, zazzaɓin kwana huɗu ya ɗauke ta.

Bana, bayan shekara ashirin, matarsa Iyatu ta ce masa ta manta muryar 'yarta. Malami ya tuna walimar ta fi fim ɗin tsawo, dole akwai saura a ƙarshe. Ya fito da kwafi shida na fim ɗin daga ƙarƙashin gado, duk rubutu ɗaya, bai san wanne ne na walimar ba. Na'urar ta tsufa, in aka tura gaba sai ta cinye zare, don haka kowane sai ya kalle shi tun daga farko. Bayan azahar yake zama, yana kallon 'ya'yan wasu da wuƙaƙe, yana jiran tasa.

"Malam, wanga ihu har yaushe?" Iyatu ta ce daga tsakar gida. "Maƙwabta na cewa tsuhwa ta mai da kai yaro."

"Su ce. Saura biyu."

"Jiya ma biyu kac ce."

"Jiya wuta anka ɗauke."

A na biyar, da sunayen 'yan wasa suka gama wucewa, hoton ya yi rawa, sai ga tabarmarsu da mutane ana naɗe rumfa. An riga an gama karatun. Malami ya dafe kai.

Sai wata murya daga gefen hoton ta ce, "Baba, kashe hakanan, yunwa nike ji." Zaren ya ƙare.

Ya daɗe yana duban maɓallin mayarwa baya, wanda shi ma yakan ci zare. Bai taɓa shi ba. Ya zare kaset ɗin, ya sa yatsa yana juya shi a hankali.

"Iyatu," ya ce, "taho ki zamna. Sau guda nike da tabbas za shi yi."