Yadda kaza ta ceci kuɓewar matata

A shekarar da aka daina fam aka koma naira, damina ta ɗauke mana da wuri. Muna zaune a Birnin Kudu a lokacin, a wani ɗan gida mai ɗaki biyu, ina aikin kafinta. Masu albashi sun fara samun hali, kowa yana son ya ɗora wa ɗakinsa kwano, don haka a kan rufin mutane nake wuni. Daga can sama nakan hango gonaki, hatsi ya tsaya iya ƙugu, ya yi ja tun lokacinsa bai yi ba.

Matata, Allah ya jiƙanta, 'yar Sara ce a ƙasar Gwaram, gidan manoma. Mahaifiyarta ta rasu a farkon daminar nan, kuma cikin kayan tsohuwar da aka ba ta har da ƙullin tsumma mai irin kuɓewa. Kuɓewar gajeruwa ce, mai kauri, mai yauƙi. 'Yan uwanta sun shuka nasu a gona, fari ya cinye. Abin da ya rage na irin nan kaf bai fi cikin tafin hannunta ba. Na ce ta ajiye sai baɗi. Ta kwance ƙullin ta nuna mini inda ƙwari suka fara hudawa.

"Malam, in na jira baɗi, gari zan shuka," in ji ta.

Sai ta sare ƙasar bayan ɗakinmu, ta ja ƙananan kunyoyi, ta zuba tsohon taki. Ta shuka kuɓewar a tsakiya, alayyafo da yakuwa a gefe. Ruwa ne wahala. Rijiyar unguwa ta yi ƙasa, guga kan fito da rabin laka. Ruwan wankin gero, ruwan ɗauraye kwanuka, ba wanda ake zubarwa. Don kada rana ta shanye ɗan abin da aka zuba, ta rufe gindin shukar da ƙaiƙayi da ɓawon gyaɗa. In ka tura yatsa ƙarƙashi da azahar, sai ka ji sanyi. Kuɓewa ta fito, ganye biyu, ganye huɗu.

Ana cikin haka mahaifiyata ta zo daga Fagam, a duba mata ido a asibiti. Mu mutanen shanu ne, kuma a wurin Inna, gidan da ba a share shi tas ba, gidan kunama ne. Washegari kafin rana ta fito mun ji ƙarar tsintsiya. Ta share tsakar gida, ta zaga bayan ɗaki, ta kwashe ƙaiƙayin nan duka, ta tara ta cinna masa wuta. A ganinta rufin asiri ta yi wa surukarta, yarinyar da ke cikin makoki har shara ta taru mata.

Matata ta samo wani ƙaiƙayin a wurin maƙwabta masu sussuka, ta mayar. Da safe Inna ta sake sharewa. Haka aka yi ta yi.

Ba wanda zai iya magana. Ni ɗan fari ne, Inna ba ta taɓa kiran sunana ba, ba ta yi mini magana kai tsaye, sai dai ta ce "wancan." Matata kuwa ko ido ba ta haɗawa da ita, in za ta gaishe ta sai ta durƙusa daga nesa.

"Malam, ka yi mata magana mana," ta ce mini a ɗaki, murya ƙasa-ƙasa.

"Ni? Tun da aka haife ni ba ta taɓa kallona ta ce ga ruwa ba. Yau ne zan ce ta ajiye tsintsiya?"

"To ɓoye tsintsiyar. Ba kai ne gwanin hawa sama ba?"

Na ɗora tsintsiya a kan rufi. Kafin hantsi Inna ta yanko ciyawa ta ɗaure sabuwa, wadda ta fi tsohuwar kama ƙasa.

Ƙasa ta fara tsagewa. Alayyafo ya tafi, ba mu damu ba. Amma da kuɓewa ta fara sunkuyawa, ɗaya bayan ɗaya, sai na ga matata ta daina cin abinci sosai. Takan tsuguna a wurin da yamma tana taɓa ganyen. Fiye da rabi ya mutu.

Muna da wata jar kaza mai tone-tone. Wata ranar Juma'a ina gida, Inna na zaune a inuwar zana tana jan carbi, matata na mayar da ƙaiƙayi, sai ga kazar ta nufo kunya. Matata ta ɗaga murya, abin da ban taɓa ji ba a gaban Inna.

"Ke kaza! Kul! Wannan ba shara ba ce, mayafi ne. In aka yaye shi rana ta shanye ruwan, kuɓewar ta mutu. Irin gyatumata ne, babu wani bayansa."

Carbi ya tsaya. Ni na duƙar da kai ina ta goge zarto wanda ba ya buƙatar gugewa. Can sai Inna ta yi gyaran murya.

"Kaza," in ji ta, "ki ce da mutanen gidan nan, mu a rugarmu ba a lulluɓe ciyawa, shanu ake ba. Da an faɗa miki tuntuni, da ƙugun tsohuwa ya huta. Kuma ki ce da wancan ya sauko da tsintsiyar mutane."

Matata ta toshe baki da bakin zane, kafaɗunta na rawa. Rabona da in ga dariyarta tun kafin rasuwar.

Daga ranar Inna ta koma yin alwala a gindin kuɓewa, wai kada ruwan ya tafi a banza. Ta sa na kafa shingen kara. Kazar kuwa, da ta yi mana wannan aiki, ladanta shi ne Inna ta ɗaure mata ƙafa a jikin turmi.

Tushe kaɗan ne suka rayu, kuma da sanyi ya shigo suka rage girma. Miya sau ɗaya muka sha, da tuwon dawa. Sauran 'ya'yan kuɓewar kuwa, matata ta hana a taɓa, ta bar su suka ƙosa suka bushe a jikin uwa. Ta fasa su a faifai, ta cuɗa irin da toka saboda ƙwari, ta ɗebi nata, ta ƙulla wa kowane ɗan uwanta nasa.

Ni na kai musu irin Sara a motar kasuwa, don ita ta ce ba za ta iya shiga ɗakin tsohuwar ba tukuna. Babban wanta ya kwance ƙullin a zaure, ya daɗe yana juya irin da yatsa. Sannan ya leƙa cikin gida ya ce a dama mini fura.