Ranar da Baba Ya Yi Rawar Gauraka a Manfuha

Ranar wata Laraba ce cikin sanyi, shekarar da nake aji huɗu a makarantar yara maza da ke bayan kasuwar kayan miya a unguwar Manfuha, a birnin Riyad. An shimfiɗa dardumai a tsakar makaranta, ƙarƙashin rumfar kwanon da muke yin layin safe, an jera kujerun roba domin iyaye, an ɗaure lasifika a jikin ginshiƙi. Ina tsaye a gaban jama'a cikin farar jallabiyar da Inna ta goge mini, abin magana a hannuna. A cikin iyaye ina hango Baba da babbar rigarsa shuɗiya wadda ba ya fito da ita sai ranar Idi, yana gyaɗa mini kai wai in fara. Na kasa. Abin da ya biyo baya shi ne kunya mafi girma da na sha a ƙuruciyata, amma ba za a gane shi ba sai na koma baya kaɗan.

Ba a Riyad aka haife ni ba. A wani ƙaramin ƙauye na ƙasar Haɗeja na buɗe ido, a gefen dausayin Baturiya, inda ruwa kan malalo da damina ya kwanta a fadama har tsakiyar rani. Gidanmu na ƙasa ne, da rumbuna biyu da bishiyar kanya a ƙofar zaure. Aikina kafin in kai shekara bakwai shi ne korar tsuntsayen jan-baki daga gonar shinkafar kakana. Mukan ɗaura gwangwanaye a igiya, mu zuba musu tsakuwa, mu yini muna ja muna ihu har murya ta dushe. In rana ta yi sanyi mu faɗa ruwa, mu ciro bado mu ci, mu jefi goriba da hoge, mu yi langa a kan rairayi har wani ya faɗi ya yi kuka. Tsuntsaye kuwa ba mu ɗauke su abin kallo ba. Dinya da ƙirinjijiya da zalɓe da balbela suna nan kamar yadda kaji suke a tsakar gida. Ban taɓa jin wani ya ce wurin yana da kyau ba. Wurin da ake wanki ne da shayar da shanu.

Daga nan Baba, wanda ya daɗe yana tuƙa wa wani Balarabe mota a Riyad, ya samar mana takardun zama, muka biyo shi ni da Inna. Muka sauka a wani bene da muke rabawa da iyalin Malam Issufu, mutumin Maraɗi mai aikin gini. Aikina ya koma sayo burodi mai zafi wurin Bayamane da asuba, da mirgino tukunyar gas daga bakin titi, da shanya kaya a rufin bene. Ƙwallo muke bugawa a lungu tsakanin motoci, da takalma a matsayin raga. Ranar Juma'a in Baba ya sami sarari yakan kai mu hadiƙa, wato lambun shaƙatawa, mai ciyawar da aka shuka da hannu, da lilo, da fitilu masu launi, da ruwa mai tsalle sama. A can na yanke wa kaina hukunci cewa wurin zuwa yawo shi ne wanda aka kewaye da shinge aka sa masa fitila. Larabci ya shige ni da sauri, har na fara gyara wa Baba nasa a zuciyata.

Shi ya sa da malaminmu, Ustaz Hamdi, ya ce kowane yaro ya faɗi wuraren da suka cancanci a ziyarta a ƙasarsu, na rasa ta cewa. Yaran Masar suka kawo dala, wato manyan kaburburan tsofaffin sarakunansu, Usman ɗan Sudan ya kawo mahaɗar koguna biyu, wani ɗan Yaman ya kawo gidaje masu hawa a kan dutse. Da aka zo kaina na miƙe na ce, "Ma fi shai." Babu komai. Na ce garinmu ruwa ne kawai da gonaki. Aji ya yi dariya, ni ma na taya su.

Bayan kwana kaɗan Ustaz Hamdi ya haɗu da Baba a bakin ƙofar makaranta, ya faɗa masa cikin raha cewa ɗanka ya ce babu komai a ƙasarku, ga shi kuma za a yi taron iyaye, kowane yaro zai yi magana a kan garinsu. Baba bai yi mini faɗa ba. Bayan sallar magariba ya zaunar da ni a kan tabarma ya ce, "Salihu, jiharmu ƙarama ce, ta manoma ce, amma na tuƙa babbar mota a cikinta lungu da saƙo. Bari in ba ka wurare uku." Ya ba ni labarin duwatsun Birnin Kudu, inda mutanen da can suka zana shanu a jikin dutse, zanen yana nan har yau. Ya ba ni labarin tafkin Wawan Rafi a Kazaure, da duwatsu suka kewaye shi, inda ya taɓa tsayar da mota ya yi alwala. Na uku shi ne dausayinmu. A nan ya fi daɗewa. Ya ce har Turawa suna zuwa da madubin hangen nesa su kwana a rumfa don su ga abin da muke kora da gwangwani. Kullum da yamma yana faɗa da Hausa, ni ina juyawa Larabci, har na haddace.

To ga ni a gaban jama'a ran Laraba. Na buɗe baki, sai na hango yaran ajinmu a gefe suna taɓa juna, ɗaya ya murguɗa baki ya ce "ma fi shai" a hankali. Duk abin da na haddace ya gudu. Lasifika ta fara ƙara. Sai na ga Baba ya miƙe. Ya ratso kujeru yana ba mutane haƙuri, ya karɓi abin maganar daga hannuna, ya dafa kafaɗata, ya yi sallama. Da Larabcinsa na direbobi, wanda ya koya a tasha da bakin shaguna, ya fara. "Fi moya kasir, fi ter kasir." Akwai ruwa da yawa, akwai tsuntsaye da yawa. Ya so ya faɗi gauraka, bai san sunanta ba. Ya dube ni, ni ma ban sani ba, ko da na sani ba zan iya ɗaga kai ba. Sai ya ajiye abin maganar a ƙasa, ya ware hannuwan babbar rigarsa, ya miƙa wuya, ya ɗora yatsunsa a kan hula ya yi mata tukku, ya yi tsalle sau biyu yana sunkuyawa kamar yadda namijin gauraka ke yi wa matarsa rawa, ya kuma yi kukanta da ƙarfi.

Tsakar makaranta ta ɗauki dariya. Wasu iyayen sun tafa, wasu sun rufe baki da rawani. Shugaban makaranta ya matso da murmushi, ya ɗauki abin maganar ya ce an gode, lokaci ya ƙure. Baba bai kai ga Birnin Kudu ba, balle Kazaure. Ni kuwa ji nake da ƙasa za ta tsage da na shige. Har ƙarshen shekarar nan, in na shigo aji sai wani ya ware hannu ya yi tsalle.

A hanyar gida na zauna a bayan motar maigidansa na manna fuska da gilashi. Mun yi nisa kafin ya dube ni ta madubi ya ce, "Na ba ka kunya ko?" Na ce, "A'a, ba ku ba ni ba." Ya san ba haka ba ne. Ya ce, "Larabcina ne gajere, Salihu. Wurin ba gajere ba ne." Da labarin ya kai gida, Malam Issufu ya yi dariya har ya riƙe ciki, sannan ya share ido ya ce, "Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi." Inna ba ta yi dariya ba. Ta ninke rigar ta mayar akwati, kuma Baba bai sake zuwa taron makaranta ba. In an gayyata sai ya ce maigida bai ba shi izini ba. A lokacin daɗi na ji. Sai da na girma na gane cewa don ni ya daina, mutumin da ya roƙi hutun rabin yini, ya sa rigar Idi, ya tsaya gaban baƙi ya mai da kansa abin dariya don kada a ce ɗansa ba shi da gari.

Yanzu Baba ya tsufa ya koma ƙauye, ni ina nan Riyad ina aiki a ofis, Larabcina ba ya tuntuɓe. Na kai yarana Ɗa'if da Abha, mun ɗauki hotuna cikin hazo a kan duwatsu. In abokan aiki suka tambaye ni inda ya kamata su je a ƙasarmu, nakan lissafa musu wuraren nan uku ba tare da gargada ba, alhali biyu daga ciki ban taɓa taka su ba, na ukun kuma rabona da shi tun kafin in yi aure. An ce ciyawar kachala ta cinye gefen da muke wanka. Duk shekara ina cewa hutu mai zuwa, hutu ya zo ya wuce.

Da sanyi ya shigo bana Baba ya kira ni bayan la'asar, ina cikin mota a cunkoson hanyar Batha. Muryarsa ta yi rauni, amma ina jin hayaniyar fadama a bayansa. Ya ce, "Baƙinmu sun sauka jiya. Agwagin nan da ke tasowa daga ƙasashen Turawa, sun cika ruwa." Na ce madalla. Sai ya ce, "Su ba sa fashi." Bai ƙara komai ba, ya tambayi lafiyar yara.

Motar bayana ta yi ta danna mini oda kafin in lura hanya ta buɗe. Tsuntsu ma ya fi ni zumunci.