Ranar da Baba Ya Shiga Rijiya

Mahaifina tsohon soja ne, ya yi yaƙin basasa, amma ko leƙa rijiya ba ya yi. A ƙauyenmu na wajen Sandamu abokansa kan tsokane shi, wai soja guda yana tsoron guga. Shi dai dariya yake yi. Inna ce ta gaya mini dalili: a wajen yaƙi ramin da suke fakewa ya rufta da su, shi kaɗai aka tono da rai.

A gida kuwa son 'ya'ya ya yi masa yawa. Shi ke yanke mana farce, shi ke fifita mana kunu, Inna tana mita wai zai sangarta mu.

Shekarar da aka fara maganar shari'a, wata rana mazan gari kaf suka tafi Daura sauraron wa'azi. Baba bai je ba saboda ciwon ƙafa. Da hantsi autarmu, wadda ba ta daɗe da fara tafiya ba, ta bi ɗan akuya bayan gida. A nan ake haƙa mana rijiya, ba a kai ga ruwa ba, an rufe bakin da tsohuwar zana. Ina kallo ta taka zanar, sai kawai babu ita.

Na ƙwalla ihu, matan maƙwabta suka fito da gudu. Kukanta yana tasowa daga ƙasa siriri, yashi kuma yana zubowa daga gefen ramin. Babu namiji a garin sai Baba.

Ya zo ya tsaya nesa da bakin ramin. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba.

"Malam, bari ni in shiga," in ji Inna.

"Ke ba ki da ƙarfin ɗago ta. Ɗaura igiya a darbejiya."

Ya runtse ido ya sauka. Mu da matan maƙwabta muka riƙe igiya. Can ya ce mu ja. Sai ga auta ɗaure a igiyar, a ƙunshe cikin rigarsa, goshi ya fashe, tana tsala kuka. Muka sake zura igiya.

Bai kama ba.

Muna jin muryarsa a ƙasa, yana kiran sunayen mutanen da ba mu sani ba, yana cewa su jure, yanzu za a tono su. Da hannu yake tonon ƙasa, yashin gefe yana ƙara zubo masa. Na tabbata a gabanmu rijiyar nan za ta binne shi.

Inna ta kwanta rub da ciki a bakin ramin. "Malam, ni ce. A gida kake. Kama igiya don Allah."

Bai daina tonon ba. Sai na ɗauko auta na kawo ta kusa, kukanta ya sauka cikin ramin. Tonon ya tsaya. Jim kaɗan igiya ta yi nauyi.

Da ya fito bai kalli kowa ba, yarinyar ya fara shafawa yana duba ƙasusuwanta. A lokacin na lura wandonsa a jiƙe yake, ga shi babu ɗigon ruwa a rijiyar. Kafin matan su gani, Inna ta cire mayafinta ta ɗaura masa a ƙugu, ta ce da su Malam ya gaji, a ba shi hanya.